Isnadin Hoto: Tsokaci Kan Hoton Cibiyar Majarra



'Yan uwa masu karatu, musabbabin wannan rubutu wata muhawara ce da ta ɓarke a ajin manya na Islamiyyarmu, wani dare bayan sallar Isha'i, ana gab da tashi. Wani ɗalibina, saurayi mai noman tumatir da rana, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah dubi wannan. Wai hoton baƙin ramin da ke tsakiyar taurarinmu ne." Na karɓa na duba. Zobe ne mai launin garwashi, da duhu a tsakiyarsa, da wurare uku masu haske a jikinsa, duk ya yi dishi-dishi kamar an shafa wa idon kyamara man gyaɗa. Kafin in buɗe baki aji ya rabu uku. Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ai wannan ƙuli-ƙuli mai zobe ne aka ɗauka da tsohuwar waya, in dai wannan ne abin da aka yi shekara biyar ana haɗawa, to an yi asarar kuɗi. Wani ya ce a'a, mu'ujiza ce, domin saƙon da ke ƙarƙashin hoton ya ce shi ne abin da aka yi rantsuwa da shi a Suratut Takwir. Na uku kuwa ya ce shi bai yarda da ko ɗaya ba, zanen kwamfuta ne, Turawa suka ƙirƙira.

Na ce da su su ba ni mako guda. Abin da ya dame ni a hanyar gida shi ne, dukkansu uku sun yanke hukunci, amma babu wanda ya tambayi yadda aka samo hoton. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Gaskiya ne in kai ka gani da idonka. Amma wannan hoto babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin abin da ke cikinsa da ido, har da waɗanda suka haɗa shi. Labari ne aka kawo mana cikin siffar hoto, labari kuwa muna da hanyar auna shi tun fiye da shekara dubu.

Bari mu fara da inda abin yake, domin yana saman gonakinmu. Duk wanda ya taɓa kwana ban ruwa a Kadawa ko a filayen Bunkure, a daren da babu wata kuma hazo ya kwanta, ya san farin zanen nan da ya ratsa sama kamar hayaƙi. Larabawa suna ce masa Majarra, suna kuma ce masa Darbut Tabbana, wato hanyar masu dakon ƙaiƙayi, domin ya yi kama da abin da ke zubewa a hanya idan an wuce da kaya. Mutumin Kura ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san yadda titi ke komawa a bakin injinan casar shinkafa. A ƙarni na 11 Ibnul Haisam ya kafa hujja cewa wannan zane yana can nesa ƙwarai, ba a cikin iskar duniya yake ba kamar yadda Aristo ya zata, Al-Biruni kuma ya ce tarin taurari ne marasa ƙirguwa. A 1610 Galileo ya ɗora madubin hangen nesa a kai ya ga taurarin ɗaya bayan ɗaya. Yau an san faifai ne mai taurari sama da biliyan 100, ranarmu ɗaya ce daga cikinsu, muna kallonsa ta gefe ne saboda a cikinsa muke. Cibiyarsa tana ɓangaren kudu, tsakanin manzilolin da malamanmu na hisabi ke kira Shaula, wato ƙarin kunama, da Na'a'im. A watan Afrilu tana tsayawa sosai gab da kiran assalatu, a Yuli da Agusta kuma bayan Isha'i, idan hadari ya yaye. Nisanta tafiyar haske ce ta kimanin shekara 27,000.

Sai dai ko ka kafa mata ido har gari ya waye ba za ka gan ta ba. Tsakaninmu da ita akwai ƙura mai kauri, wadda daga cikin hasken da ido ke iya gani, kusan kashi ɗaya cikin tiriliyan ne kawai ke tsallakowa. Igiyar rediyo ce ke ratsa wannan ƙura, kamar yadda take ratsa katangar ɗaki ta iso wa akwatin rediyonka. A 1933 wani injiniya Ba'amurke, Karl Jansky, yana binciken ƙarar da ke damun wayar tarho ta rediyo, ya sanar cewa wani sashe na ƙarar daga wannan ɓangare na sama yake zuwa. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar Tiga wadda ruwanta ke shayar da gonakinmu, Bruce Balick da Robert Brown suka gano wani ɗan ɗigo mai ƙarfin rediyo a daidai cibiyar. Shi ne aka raɗa wa suna Sajitariyus A, da alamar tauraro a gabansa, kuma hotonsa ne ɗalibina ya nuna mini.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in tona asirin kaina, don kada a zaci daga kan tudu nake magana. Ina sakandare, lokacin da ake biyan kuɗin awa a kafe a shiga intanet, na samu wani saƙon imel ɗauke da hoton wani abu a sama mai kama da jar fure, an rubuta a ƙasa cewa shi ne tabbacin wata aya a Suratur Rahman. Na biya kuɗin abincina aka buga mini shi da kala, na liƙa a bangon ɗakinmu, duk wanda ya shigo sai na yi masa wa'azi da shi. Sai da na shiga jami'a wani abokina mai karatun kimiyyar fiziya ya zaunar da ni. Hoton na gaske ne, madubin Hubble ne ya ɗauke shi a 1994, wani tauraro ne mai mutuwa da ke fitar da iskar jikinsa, ana kiransa Idon Kyanwa. Amma jan launin da na gina wa'azina a kansa, masu sarrafa hoton ne suka zaɓe shi don ya wakilci hasken iskar haidurojin. Ya nuna mini wasu hotunan na abu ɗaya, wannan shuɗi, wancan kore, furen ya ɓace. Sannan ya tuna mini abin da ya kamata ni ɗalibin Larabci in riga shi sani, cewa ayar tana magana ne kan ranar Alƙiyama. Ni kunya kawai na ji, na yage hoton. Amma na san wani sa'anmu da ya tara irin waɗannan hotuna da yawa ya jingina zuciyarsa da su, da suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya sai ya fara tambayar ko sauran abin da malamai suka gaya masa ma haka yake. Ya daɗe yana fama kafin ya samu natsuwa. Shi ya sa da na ji ɗalibina ya ce mu'ujiza, gabana ya faɗi fiye da yadda ya faɗi da na ji mai cewa ƙuli-ƙuli.

To, da wane ma'auni za a auna? Ni dai abin da na iya shi ne abin da nake koyarwa. A darasin musɗalahul hadisi muna gaya wa ɗalibai cewa daɗin lafazi ba ya inganta riwaya. Ana tambaya ne: wa ya kawo, daga wa ya ji, yaya kiyayewarsa, akwai wanda ya zo da irinta ta wata hanya, akwai kalmar da mai riwaya ya cusa daga bakinsa, akwai ɓoyayyar illa? Ba ina daidaita hoton taurari da hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ne, Allah Ya tsare. Aron ma'aunin kawai nake yi, kamar yadda ake aron mudun gero a auna dawa.

Isnadin hoton ga shi. An fitar da shi ranar 12 ga Mayu, 2022, daga wata haɗakar masana sama da 300 na cibiyoyi 80, mai suna Event Horizon Telescope, ana taƙaita shi EHT. Amma an tattara bayanansa ne tun watan Afrilun 2017. Babu kyamara a cikin aikin. Manyan faranta ne masu kama igiyar rediyo, irin na tauraron ɗan Adam da muke kafawa a rufin gida amma ƙatta, a tashoshi 8: biyu a ƙasar Cile, biyu a tsibirin Hawai, ɗaya a Meziko, ɗaya a Arizona ta Amurka, ɗaya a Sifen, ɗaya kuma a can ƙarshen duniya na kudu cikin ƙanƙara. Duk suka fuskanci ɗigo ɗaya a lokaci ɗaya, kowace tana rubuta abin da ta kama tare da lokacinsa da agogon atam. Bayanan sun yi yawan da intanet ba za ta ɗauka ba, sai aka loda faya-fayan ajiya a jiragen sama zuwa cibiyoyi biyu, ɗaya a Bon ta Jamus, ɗaya kusa da Boston ta Amurka, na ƙarshen kudu ma sai da suka jira watanni sanyi ya wuce jirgi ya iya sauka. A can aka gwama su, ta yadda farantan takwas suka yi aiki tamkar faranti guda mai faɗin duniya. Sunayen masu aikin a rubuce suke, hanyoyinsu a buge suke, bayanan kuma an sake su ga duk mai son ya sake lissafi. A ma'auninmu, wannan riwaya ba ta majhuli ba ce.

Mai cewa ƙuli-ƙuli, ga amsarka. Zoben nan faɗinsa ya kai kimanin kilomita miliyan 60, amma saboda nisa, girmansa a idonmu daidai yake da ƙatuwar albasa da aka ajiye a kan wata. Ko in kawo maka shi gida: ka tsaya a Kura ka hango wani abu a cikin birnin Kano wanda bai wuce kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Mafi ƙanƙantar abin da wannan haɗaka ta farantai ke iya bambancewa bai gaza rabin faɗin zoben da yawa ba. Ke nan dishi-dishin da kake gani shi ne iyakar ganin na'urar, aka bar shi yadda yake. Da sun kawo mana hoto tangaran, mai kaifin baki kamar na fim, wannan ne ya kamata mu tuhuma. Mai riwayar da ya ce "ko dai kaza ya ce, ko kaza, na yi shakka" ya fi daraja a wurin malamai a kan wanda kullum labarinsa sumul yake.

Amma mai cewa zanen kwamfuta ne ma yana da 'yar gaskiya, kuma a nan illar take. Faranti takwas ba faranti mai faɗin duniya ba ne. Giɓin ya fi abin da aka cike yawa nesa ba kusa ba. Duk nahiyar Afirka babu ko ɗaya a cikinsu, ana dai shirin kafa wani a Namibiya. Ka ƙaddara an ajiye kwanoni takwas a dare ɗaya, wani a Kura, wani a Kadawa, wani a Garun Malam, wani a Bunkure, aka yi ruwa, da safe aka ce da kai ka auna ruwan kowane kwano ka zana siffar hadarin da ya zubar da shi. Za ka iya kawar da siffofi da yawa, amma waɗanda za su rage sun fi ɗaya. Juyawar duniya tana taimakawa, domin tana matsar da farantan cikin dare su leƙa ta kusurwoyi dabam-dabam, kamar a ce kwanonin suna yawo. Sai dai kuma hadarin ba ya tsayawa. Iskar gas mai zafi da ke kewaya wannan rami tana zagaye shi cikin 'yan mintuna, alhali ana buƙatar sa'o'i kafin a tara abin da ya isa hoto. Wannan ne ya sa hoton baƙin ramin majarrar M87, wanda aka tattara bayanansa a mako ɗaya da namu, ya riga fita tun 10 ga Afrilu, 2019: shi ya ninka namu nauyi fiye da sau dubu, iskarsa kan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta zagayo, ya zauna an ɗauke shi. Namu kuwa kamar yaro ne mai ƙiriniya a gaban mai hoto. Dole kwamfuta ta cike giɓi, kuma duk mai cike giɓi yana iya cusa abin da yake fatan gani.

Abin da ya sa na girmama aikin shi ne yadda suka yi da wannan illa. Wanda ya taɓa sayen tumatir a Kwanar Gafan ya san ba a yanke wa kwando hukunci da fuskarsa, manya ake jerawa a sama. Su waɗannan da hannunsu suka juye kwandon. Sun bayyana cewa hoton da duniya ta gani matsakaici ne na dubban hotuna da duk suka dace da bayanan, kuma sun kasa su gida huɗu suka nuna kowane gida. Gida uku, masu dubban hotuna, zobe ne, amma wuraren hasken suna sauya mazauni daga wannan zuwa wancan. Gida na huɗu, mai ɗaruruwa kawai, ba zobe ba ne, kuma shi ma ya dace da bayanan. Ba su ɓoye shi ba. Sun kuma jarraba hanyoyinsu da bayanan gwaji na siffofin da suka riga suka sani, don su ga ko kwamfutar za ta ƙaƙaba zobe inda babu shi. Daga nan mai hankali zai gane cewa hoton ba darajarsa ɗaya ba ce daga gefe zuwa gefe. Wuraren nan uku masu haske, su kansu masu aikin sun yi gargaɗin kada a dogara da su. Launin garwashi kuwa mudraji ne tsantsa, wato ƙarin mai riwaya: igiyar da aka kama tsawonta milimita 1.3 ne, ido ba ya ganinta, ba ta da launi, an zaɓi ja da rawaya ne don nuna inda ƙarfinta ya fi. Da sun zaɓi shuɗi da babu abin da ya canza. Haka ma hoton da suka fitar a Maris 2024, mai layuka kamar saƙar faifai, wanda mutane suka ɗauka ya fi na farko fitowa: bayanan 2017 ɗin ne dai, layukan zana su aka yi a kai don nuna yadda maganaɗisun wurin ya karkata.

Yanzu sai babbar tambaya: akwai wanda ya zo da labarin ta wata hanya? Akwai, kuma a ganina nan ne ƙarfin hoton yake. Tun shekarun 1990 ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ɗaya ƙarƙashin Reinhard Genzel na Jamus da madubai a Cile, ɗaya ƙarƙashin Andrea Ghez ta Amurka da madubai a Hawai, suka riƙa bin sawun taurarin da ke kusa da cibiyar, da wani nau'in haske mai ratsa ƙura. Suka ga taurari suna kewaya wani abu da ba a gani. Ɗaya daga cikinsu, S2, yana kammala zagayensa cikin shekara 16, an ga kusantowarsa a 2002, aka jira aka sake gani a 2018. Daga saurinsa da faɗin zagayensa aka lissafa cewa abin da ke janye da shi ya kai nauyin rana sau miliyan 4, a matse cikin ɗan wuri. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a 2020. To, idan ka san nauyi ka san nisa, lissafin Einstein yana gaya maka girman inuwar da ramin zai yi, kuma tun shekarar 2000 wasu masana suka buga cewa za a iya ganinta da irin wannan haɗaka ta farantai. Da aka auna zoben EHT sai ya faɗa daidai inda lissafin ya ce. Masu bin taurari ba da rediyo suka yi aiki ba, ba kuma su san me hoton zai nuna ba. Ga shaidu biyu da ba su haɗa baki ba, ɗaya ya riga ɗaya magana da shekaru. Ƙari a kan haka, da aka sake duba na M87 da bayanan 2018, zoben ya dawo da girmansa, wurin haskensa ne kawai ya gusa.

Duk da haka ba a rufe ƙofa ba, kuma amana ce in faɗa. A watan Oktoban 2024 wasu masana uku daga Japan, ƙarƙashin Makoto Miyoshi, suka buga bincike a mujallar ƙungiyar masana taurari ta Ingila. Sun ɗauki bayanan nan na 2017 da aka saki, suka sarrafa su da tasu hanyar, suka ce su ba zobe suka samu ba, wani abu ne mai tsawo daga gabas zuwa yamma, kuma suna zargin giɓin da ke tsakanin farantan ne ya haifar da siffar zoben. Mutanen EHT ba su karɓi wannan suka ba, mafi yawan masana fannin kuma suna tare da su. A lura, Miyoshi bai ce babu baƙin rami ba, siffar da ke hoton yake jayayya a kai. Ni a karatuna riwayarsa ta fi kama da shazzi, amintacce ya saɓa wa jama'ar amintattu. Amma shazzi ba ƙarya ba ne, kuma ba a rasa lokacin da mutum ɗaya ya fi jama'a gaskiya ba. Abin da ɗalibina mai zargin Turawa ya kamata ya lura da shi shi ne, Miyoshi ya iya sukar ne saboda an ba shi bayanan. Mai shirya ƙarya ba ya miƙa wa abokin hamayya mabuɗin rumbunsa.

Hukuncina ke nan, ni malamin Islamiyya da ba masanin taurari ba. Samuwar wani abu mai nauyin rana miliyan 4 a cibiyar Majarra, wannan ya inganta ta hanyoyi masu yawa, ko da hoton ko babu shi. Zobe da duhun tsakiyarsa da girmansa, ina ba su darajar hasan: abin karɓa ne, ana kafa hujja da shi, ana kuma sauraron ƙarin shaida. Wuraren haske uku, da'ifi. Launi, mudraji. Hoton a dunƙule kuwa ya cancanci wahalar da aka sha a kansa, kuma muninsa na daga cikin abin da ya sa na yarda da shi.

Saura batun aya. Malaman tafsiri na farko, kamar yadda Imam Ɗabari ya tattaro, sun fassara abin da aka yi rantsuwa da shi a Suratut Takwir da taurari masu ɓuya da rana su bayyana da dare, wasu suka ce taurarin nan biyar ne masu tafiya suna komawa da baya, wasu ma suka ce shanun daji ne ko barewa masu shigewa maɓoyarsu. Fassarar baƙin rami sabuwa ce, ta zamaninmu, kuma masu yaɗa ta kan jingina ne da cewa ramin yana share sama yana zuƙe komai. Namu dai ba haka yake ba. S2 yana kewaya shi lafiya lau, ramin ma a cikin ire-irensa mai ƙarancin ci ne, abin da ke faɗawa cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Ban hana kowa tafakkuri ba. Ni kaina da na fahimci cewa duhun tsakiyar zoben nan wuri ne da haske ma ba ya iya fitowa daga cikinsa, na daɗe ban ce komai ba sai tasbihi. Amma tafakkuri dabam, cewa "wannan shi ne ma'anar ayar" dabam. Wanda ya ɗaura aya a jikin hoton da ke da darajar hasan, to ranar da Miyoshi ko wani ya yi galaba, me zai gaya wa yaran da ya tara? Ni na riga na yage hoto ɗaya daga bango, na san ɗacinsa.

Wanda kuma kyau yake nema, akwai inda zai samu. A Janairun 2022 madubin MeerKAT na Afirka ta Kudu, mai faranti 64 a hamadar Karu, ya fitar da hoton yankin cibiyar gaba ɗaya, mai ɗauke da zare-zare kusan 1,000 miƙaƙƙu kamar an yi wa sama tsaga, waɗanda har yau ana muhawara kan asalinsu. A Nuwamban 2023 madubin James Webb ya ɗauko wani yanki mai nisan tafiyar haske ta shekara 300 daga ramin, da taurari kimanin 500,000 a ciki. Sun fi zoben EHT ɗaukar ido nesa ba kusa ba, amma su ma launinsu zaɓaɓɓe ne, kuma tambayar da suke amsawa dabam ce. Su unguwar suka nuna, shi kuwa ƙofar gidan ya leƙa.

Da mako ya cika na kai wa ɗalibaina wannan bayani, muka ci lokacin darasin nahawu gaba ɗaya. Mai ƙuli-ƙuli ya sauko da wuri, lissafin gashin kai ne ya kama shi. Mai zargi ya ce zai yi tunani. Mai mu'ujiza ne ya fi jin nauyi, domin ya riga ya tura saƙon zuwa zaurukan WhatsApp da dama, ya tambaye ni ko ya bi ya goge. Na ce ya fi kyau ya bi ya rubuta gyara, don wanda ya karanta na farko ya ga na biyu.

Bayan kwana biyu, ranar da layin ruwa ya zo kan gonar mai tumatir, mu biyar muka kwana a bakin kwata. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na nuna musu kunama a kudu, muka bi jelarta har ƙari, muka ɗan gusa hagu zuwa inda farin zanen ya fi kauri, wani baƙin layi ya raba shi biyu. Na ce wannan baƙin ita ce ƙurar, abin yana bayanta. Suka yi shiru suna kallo, ba a jin komai sai kwaɗi da ruwa yana shiga kwami. Can mai zargi ya ce, "Malam, to in an ƙara farantan aka sake ɗauka, aka ga ba zobe ba ne fa?" Na ce ai an riga an ƙara, akwai na Girinlan tun 2018, da na Faransa da wani a Arizona tun 2021, kuma in sakamakon ya saɓa, ni zan fara kawo muku shi aji. Daga nan muka ji ladan daga cikin gari, mai tumatir ya je ya toshe ruwansa, muka yi alwala a bakin kwatar.